Digiri Arba'in da Ɗaya a Hawa na Uku

Litinin, 6 ga Mayu
Na koma ginin mata maɗinka na unguwar Naroda, karon farko tun bikin buɗewa shekara biyu da suka wuce. Ni na zana shi. Ba na'urar sanyi, iska ce za ta shiga ta ramukan bango ta fice ta rufi. Har lambar yabo muka ci. Yau na tarar an toshe ramukan da kwali. Dukkansu.

Laraba, 8 ga Mayu
Na tambayi Kokilaben, shugabarsu, dalili. Ko ɗago kai daga keken ɗinki ba ta yi ba. "Hetalben, mu kika gina wa ko tattabaru? In suka yi kashi a kayan amare ke za ki wanke?" Matan suka kwashe da dariya. Na shiga bayanin yadda iska mai zafi ke yin sama. Ba mai saurare.

Alhamis, 9 ga Mayu
Na gaji. Ko shinkafar ban iya ci ba.

Talata, 14 ga Mayu
Ma'aunin zafin da na rataye a hawa na uku: digiri arba'in da ɗaya, ƙarfe uku na rana. Talatin da biyu muka yi alkawari. Jigneshbhai, maigidana a ofis, yana son rahoto ranar Juma'a, za a gina irin wannan ginin guda shida a wasu unguwanni. Ya ce: "Rubuta cewa matan ne suka ɓata tsarin. Ƙarya ne?"
Ba ƙarya ba ne dai.

Alhamis, 16 ga Mayu
Na sa an cire kwalayen in nuna musu. Talatin da tara. Biyu kacal ya ragu, ga ƙurar titi a kan yadi. Wajen la'asar wata mai juna biyu, Rekha, ta yanke jiki ta faɗi. Kokilaben ta yi ta mata fifita, ko kallona ba ta yi ba. Da ma zagina ta yi.

Juma'a, 17 ga Mayu
Ban miƙa rahoton ba. Na ce ciwon kai.

Litinin, 27 ga Mayu
Na tura rahoton da alƙaluman yadda suke. An dakatar da gine-gine shidan. Jigneshbhai ya daina amsa gaisuwata.
Na kai zanen ginin wajen matan, ba wai don neman shawara ba. Kokilaben ta zare fensir daga hannuna ta ja layi a bangon yamma na zanen. "Nan rana ke dafa mu, 'yar nan. Kin taɓa zama nan da azahar?"
Ban taɓa ba.
Na bar mata fensirin. Gobe ma zan je, tunda hanyata ce.