Kada Ka Buɗe, Kawu

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna. Ya shago?

Kawu, akwatin nan da na ɗaure a jikin turke a lambunka shi ne aikina na kammala karatu. Yana auna damshin ƙasa, yana ajiyewa a ɗan katin da ke cikinsa. Dole ya ga damina daga farko har ƙarshe, in ba haka ba sai na maimaita shekara. Ban sa masa fitila ba, don kada ta shanye batiri. Barci yake yi, ya farka ya auna, ya koma.

Na san hannunka, rediyon da ke magana lafiya lau ma ba ka ƙyale shi. Don Allah kada ka buɗe. Batirin na motsawa agogonsa zai rikice, awon ya tashi ba rana ba wata.

'Yarka,
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai dai labarin ba daɗi. Ruwa da iska sun kayar da turken, na tarar da akwatinki kwance cikin taɓo. Na goge shi, na kara a kunne, tsit. Tun uwarki na goyon ki nake gyaran rediyo, ban taɓa ganin abu mai rai da ba ya ko ƙyafta ido ba.

Na ɗauko sukundireba, Innarki ta fizge, ta kwashe sauran ta kulle a ɗakinta. A gidana, ni da kayan aikina! Na kafa turken, na sake ɗaure shi, wayarsa ta awon damshi na nan cikin ƙasa. Amma in ruwa ya shiga, tsatsa ba ta jiran kowa. Ki ba ni izini.

Kawunki

Kawu,

Ina gaisuwa. Wallahi tun da na karanta takardarka tsoro nake ji. Na liƙe murfin da roba, na zuba 'yan ƙunshin da ke tsotse laima, amma ban gwada shi cikin taɓo ba. In ka buɗe, asara ta tabbata. In ka bari, wataƙila ne. Mu riƙe wataƙilar. A gaishe da Inna, a ce kada ta saki makulli.

Auta

Kawu,

Gaisuwa da albishir. Da ruwa ya ɗauke, Yaya ya kawo mini akwatin a motarsa. Nan take na kwance murfin. Cikinsa a bushe ƙamas, batirin da sauransa, awon kuma bai tsallake ko yini ɗaya ba. Har ranar da ya faɗi tana ciki. Na zauna a ƙasa na yi ta kuka, abokan karatuna suka ɗauka rasuwa aka yi mini.

Na san abin da ka danne duk daminar nan. Ga akwatin farko da na haɗa ya ƙone, na ba Yaya ya kawo maka. Ka buɗe son ranka.

'Yarka mai godiya,
Auta

Auta,

Alhamdulillahi, yau na yi barci. Innarki ta dawo mini da kayana. Na buɗe wancan, waya ɗaya ce ta saki, na liƙe ta. Yana aiki.

Na sa masa fitila.

Allah ya yi miki albarka,
Kawunki