Cokula Biyu a Aljihuna

Ya hasken ɗakina, ya inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ya mai idanun da suka ɓatar mini da layin da nake karantawa tun ina saurayi, har yau ban gano shi ba!

Na san a nan za ki tsinci takardar nan, domin kowace safiya firji kike fara gaisarwa kafin mijinki. Kada ki nemi cokulan da kike sanyayawa ki ɗora a kan idanunki. Suna aljihuna. Na ɗauke su, kuma ban yi nadama ba.

Kin tuna ranar da ruwan sama ya tsare mu a barandar ɗakin karatu, kika ɗago kai kika tambaye ni ko dama a kife ake karanta littafi? Idanun nan masu sanyin ruwan rijiya da asuba, su ne yanzu suke tashi a kumbure kamar an cusa musu auduga. Kika ce gishiri ne, muka rage shi har miya ta koma ruwan wanke hannu, na sha haka nan. Kika ce rashin barci ne, na kwashi munsharina na koma falo. Kika ce matashin kai ya yi ƙasa, na ƙara miki nawa. Kokwamba da ganyen shayi kuwa, idonki ya fi cikina samu. Duk magani ne, ban musa ba, ga wanda kuka ko gajiya ta kumbura wa ido. Kafin hantsi kumburin ya sauka. Naki fa?

Kina zaton tabaraun nan nawa na ado ne? Na ga zobenki ya bar yatsa ya koma cikin kofi. Na ga sabuwar huda a madaurin takalminki. Jiya kina kan keken ɗinki na kama ƙafarki kamar da wasa, na danna, ramin yatsana ya zauna bai taso ba, zuciyata ta faɗa ciki. Kumburin da ya gangara daga ido zuwa ƙafa ya fi ƙarfin cokali, masoyiyata! Na karanta, kuma wannan karon na so a ce littafin a kife yake: ƙoda kan yi haka, zuciya ma kan yi.

Na san abin da kike tsoro. Da haka mahaifiyarki ta fara, Allah ya jiƙanta. Kika raka ta asibiti, kika dawo da mayafinta a hannu. Amma ita ma ta daɗe tana ce mana gishiri ne. In zauna in zuba ido ki bi sawunta? Ni da ban san inda ake ajiye ashana a gidan nan ba?

Ni ba likita ba ne, ban ce irin ciwonta ne ba. Gwajin jini da na fitsari kawai nake roƙo. Idan suka ce ba komai, ki yi ta yi mini dariya har mu tsufa. Idan suka ce akwai wani abu, tare za mu ji, hannunki cikin nawa.

Na nemi izini a wurin aiki. Ina ƙofar gida cikin mota. Ba zan danna hon ba, ba kuma zan tafi ba. Ki fito da idanunki yadda suka tashi. Haka nake so likita ya gan su, haka ni ma nake son su.

Naki har numfashina ya ƙare, da lafiya ko babu,
Mijinki, ɓarawon cokali.