Bindigar Baba a Ƙofar Kanti

Litinin, 3 ga Maris

Kira arba'in da ɗaya na ɗaga yau, uku na bindiga, duka ukun shirme. Wata mata ta bugo tana haki, wai ga mutum da bindiga a tashar mota. Na yi mata tambayoyina uku na kullum: a rataye take ko a hannu? Bakinta ina yake kallo? Me mutumin yake yi? Wai a kafaɗa take, bakinta ƙasa, yana sayen ruwa. Na ce baiwar Allah, doka ba ta hana mai lasisi rataya bindigarsa ba, in ya sauke ta a hannu ki sake bugowa. Ta ce sai ya harbe ta tukuna? Na ajiye wayar.

Doguwa, wadda muke teburi ɗaya da ita, ta ce bakina ya cika kaifi. To ya zan yi? Shekara tara ina ɗaga wayar 'yan sanda. In na tura mota wurin duk wanda gabansa ya faɗi, wa zai je wurin wanda ake shirin kashewa da gaske?

Laraba, 5 ga Maris

Inna ta kira ni ina tsakiyar aiki. Wai Baba ya sa tsohon kakinsa, ya goge takalmi, ya rataya bindiga ya tafi aiki. Aikin da ya bari shekara goma sha ɗaya!

Shekara ashirin da shida ya yi yana gadin ƙofar sito. Tuni aka sayar da wurin, yanzu babban kanti ne na kayan masarufi. Can ya je ya tsaya daga ƙarfe goma har sha biyu, ya dawo ya ce wa Inna an tashi lafiya. Da farko dariya na yi. Daga baya na tuna tun bara yake neman mabuɗinsa alhali yana hannunsa, sai na daina dariyar.

Asabar, 8 ga Maris

Na je gida. Ashe kullum yake zuwa, tun makon jiya, ɓoye mini aka yi. Yaya ya ce in bar tsoho ya sarara, lasisinsa da sauran wata tara, kuma Inna ta kwashe harsasan ta ɓoye a aljihun keken ɗinkinta. "Bindiga ba harsashi ai sanda ce," in ji shi. Shi komai a wurinsa mai sauƙi ne.

Na lallaɓa wurin Baba, na ce ya ba ni bindigar in ajiye masa, zan sa a shafa mata mai. Ya dube ni sama da ƙasa. "Mai gadi ba ya miƙa bindiga sai ga wanda ya zo karɓar aiki. Ke a wa?"

Ban sani ba ko faɗa yake ko kuwa da gaske bai gane ni ba. Ban tambaya ba, don ina tsoron amsar.

Talata, 11 ga Maris

Ina hutu, na je na gani da idona. Na tsaya a tsallaken titi, bakin shagon mai gyaran waya. Ga shi nan a gefen dama na ƙofar, tsaye ƙyam, hula a daidai. Mai kantin ya fito masa da kujera, ya ƙi zama. Masu shiga suna gaishe shi, wasu har da sara masa cikin wasa, shi kuwa ya amsa da gaske. Bindigar a rataye take, bakinta ƙasa, ba ya yin komai. Da wani ne ya bugo mini, da cewa zan yi a rabu da shi. Har na fara jin kunyar kaina, na ce ko Yaya ne da gaskiya.

Sai ga motar asibiti ta shigo titin da jiniya.

Kafin in ƙifta ido ya zare ta daga kafaɗa, ta dawo hannu biyu, ya sauko tsakiyar titi yana fuskantar inda jiniyar take. Wata mata ta saki ledarta ta ja ɗanta da baya. Da motar ta wuce, ya mayar da bindigar kafaɗa ya koma mazauninsa, ko a jikinsa.

Sai a lokacin na tuna. Manyan motocin kayan sito da rakiya suke zuwa, da jiniya. Da ya ji ta, aikinsa shi ne ya sauke bindiga ya fito ya tsayar da motoci har kaya su shige. Sunayenmu suna kuɓuce masa, wannan kuwa yana nan daram. Mai gyaran waya ya turo mini benci, na zauna.

Laraba, 12 ga Maris

Duk wayar da ta yi ƙara yau, sai in ji kamar sunan titin kantin za a faɗa.

Alhamis, 13 ga Maris

Na sa Inna ta kulle bindigar a kabad. Baba ya ƙi cin abinci, ya yi ta zagaye ɗaki yana cewa an sace kayan aiki a hannunsa, za a kore shi. Inna ta ce har da hawaye. Da ta shiga wanka ya ɗauko guduma ya fasa makullin.

Yaya ya bugo ya wanke ni tas. Na bar shi ya gama, sannan na yi masa bayani dalla-dalla. Ranar da wani ya bugo ya ce bindiga tana hannu, mota za a tura, da jiniya za ta zo. Baba kuma da ya ji jiniya zai sauke ta ya tare musu gaba. Daga taku ashirin ba wanda yake gane bindigar da ba harsashi. Na san yaran da ke cikin motocin nan, wasu ba su yi shekara da fara aiki ba.

Ya ce to in gaya wa mutanena su riƙa kauce masa. Na ce ba haka ake yi ba. In na faɗa, rubutawa za a yi, a karɓe bindigar, a soke lasisin, a sa a takarda cewa ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Sai ya ce, "Wato ƙarar ubanki za ki kai." Ya kashe.

Juma'a, 14 ga Maris

Abin da nake tsoro ya zo, kuma a wayata ya faɗo. Wata budurwa ce, ta faɗi sunan titin da na kantin. Na tambaye ta, a rataye take ko a hannu? Ta ce yanzu a rataye, amma ɗazu da wata mota ta wuce ya sauke ta ya shiga titi.

A ƙa'ida, daga nan magana ta ƙare, mota ake turawa. Ni kuwa na ce mata tunda ya mayar ba komai, ta yi tafiyarta. Ban shigar da kiran a kwamfuta ba. Shekara tara ban taɓa yin haka ba.

Da ba Baba ba ne fa? Da wani ne mai irin kakinsa, da harsashi a ciki? Ban ma tambaye ta kamanninsa ba. Na tsani kaina yau, ba wani kwana-kwana.

Lahadi, 16 ga Maris

Ina wanki maganar Baba ta dawo mini: sai ga wanda ya zo karɓar aiki. Ina yarinya nakan kai masa abinci sito, na sha ganin yadda suke yi. Mai karɓa a ƙafa yake zuwa, ya tsaya taku uku, ya sara, ya ce, "Na zo karɓa." Baba ya karya bindigar, wato ya buɗe ta daga tsakiya, ya nuna masa cikinta, ya miƙa ta da gindi, ya ce, "Ƙofa lafiya." Shi ke nan, ba ƙari.

Na bar wankin a baho har ruwan ya huce.

Litinin, 17 ga Maris

Na nemi izinin rabin yini. Ƙarfe goma da kwata ina bakin shagon mai gyaran waya, Baba yana tsallake. Na so in kira Sajan, wani dattijon ɗan sanda na ofishinmu, a wayarsa, a yi ta a ɓoye. Amma ɓoye-ɓoyen ne ya kai ni ga abin da na yi ranar Juma'a. Na buga lambar ofis, wadda kowa yake bugawa.

Doguwa ce ta ɗaga. Ta gane muryata, amma ta yi aikinta. A rataye ko a hannu? A rataye. Bakinta? Ƙasa. Me yake yi? Na ce gadi yake yi. Sai na ce, "Babana ne." Na ji ta daina buga kwamfuta.

Na faɗi komai, har da jiniyar. Na roƙi kada mota ta shigo titin, a turo mutum ɗaya a ƙafa, mai furfura in da hali, in gaya masa abin da zai faɗa. Sajan aka turo, wanda saura wata huɗu ya yi ritaya. Ya bar motarsa a layi na biyu ya tako. Minti goma sha huɗu na yi ina addu'ar kada wata motar asibiti ta biyo.

Ya tsaya taku uku, ya sara. "Na zo karɓa."

Baba ya dubi agogonsa, agogon da ya tsaya tun bara. "Ka makara."

"A yi haƙuri, ranka ya daɗe."

Ya karya ta, ya nuna cikinta, ya miƙa da gindi. "Ƙofa lafiya."

Sajan ya rataya ta ya tsaya a gurbinsa, bai motsa ba har Baba ya sha kwana. Allah ya saka wa mutumin nan. Na bi Baba a baya har gida. Kafaɗarsa ta dama tana nan a ɗage kamar igiyar tana kai, hannuwansa kuma bai san inda zai sa su ba. A titi na yi kukana, ban damu da masu kallo ba.

Laraba, 19 ga Maris

Na gaya wa oga abin da na yi ranar Juma'a. Takardar gargaɗi. Na cancanta.

Yaya ba ya ɗaga wayata. Inna ba ta ce na kyauta ba, ba ta ce ban kyauta ba. Ta dai ƙulla harsasan a hankici ta ba ni in kai ofis.

Alhamis, 27 ga Maris

Jiya na biya ta gida. Baba yana zaune a falo cikin kaki, takalmi a goge, wai yana hutu sai an neme shi. Ya tambaye ni wa ke ƙofa yau. Na ce Sajan. Ya ce yaron kirki ne, sai dai makara. Sannan ya kira ni da sunana ya ce in zauna, na cika tsayuwa.

Yau wani dattijo ya bugo, mutum da bindiga a bakin kasuwa. A rataye, bakinta ƙasa, yana zaune a benci. Ba abin tura mota ba ne, kuma ban tura ba. Na dai tambaye shi ko ya san mutumin. Muka tsaya a waya har ɗan mutumin ya zo suka tafi tare. Minti tara.

Doguwa ta ce tambayoyina sun zama huɗu. Na ce mata uku ne, layi ne dai ba cunkoso yau. Ta ci gaba da kallona, ni kuma na ɗaga waya ta gaba.