Baitocin da na yi wa Baba

Zuwa ga ƙanena, abokin kukana,

Bayan gaisuwa mai ƙamshin turare, yaya Inna da ciwon idonta? Yaya yara? Ni lafiya lau. Gwiwa ce kawai ke ƙorafi a kan matakalar gidan sinimar da nake shara, amma ta fara sabawa.

Jiya aka soma nuna fim ɗin madugun 'yan tawayen da ya harbe Baba a bakin shagonsa. Sun ba shi fararen haƙora da taushin murya, har yana shafa kan marayu. Na daure, ina tsaye da tsintsiyata. Amma da aka shimfiɗe gawar madugun, sai wata mace ta rera:

"Inuwar gidanmu ta kau,
Rana ta sami wurin zama."

Ƙanena, baitocina ne, waɗanda na rubuta ranar da muka binne Baba. Jama'a suka yi ta zubar wa makashinsa hawaye, ni kuma na bi kujeru ina kwashe takardun da suka share fuska da su.

Littafin da na rubuta baitocin a ciki yana cikin akwatina a gida, makullin kuwa a hannunka na bar shi. A ƙarshen fim ɗin na ga sunanka cikin waɗanda aka gode wa. Sau uku na tsaya na karanta.

Ba zan tambaye ka dalili ba. Roƙona ɗaya ne: in an sa shi a talabijin, ka kashe kafin Inna ta ji. Idonta ya raunana, amma ta haddace baitocin.

Allah ya shirye mu.

Yayanka.