Yatsan Da Ya Motsa

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Bashin lekkol, wato na makaranta, ya biyo ni har Tamanrasset. Wanda na ci a asusun bashi na Maraɗi don koyon aikin lantarki, tun ban yi aure ba. Na ɗauka sun manta. Ashe sun ɗora wa wani ɗan kasuwa, Alhaji Abdulmumini, aikin karɓa. Ya tarar da ni yashe kamar buhun siminti, ya dubi ƙafafuna, ya tambayi abin da muke ci. Matata Rakiyatu, Allah ya shirye ta, ta saki baki: wai ƙungiyar 'yan Nijar ke ba mu tallafin naƙasassu duk wata, tun da na faɗo daga bene a wurin gini. 

Alhamis, 10 ga Oktoba
Ya dawo. "Sa'idu, ba na taɓa kuɗin gurgu, ina tsoron Allah. Amma ranar da ka miƙe, ni ne baƙonka na farko. In babu kuɗi a ranar, gonar mahaifinka tana nan." Da murmushi ya faɗa. Gonar da Baba ya jinginar don in yi karatu, ita ke ci da gidanmu duka.

Asabar, 19 ga Oktoba
Mota ta tsaya a ƙofa, na ɗauka Alhaji ne. Mai burodi ne.

Talata, 29 ga Oktoba
Babban yatsan ƙafar dama ya motsa. Wallahi ya motsa, da idona na gani. Abin da nake roƙo tun bara. Na ja bargo na rufe shi.

Juma'a, 1 ga Nuwamba
Malam Amadu, ma'ajin ƙungiya, ya kawo tallafin wata. Ya ce sun cire Muntari, wani mai karɓar tallafi irina, tunda ya fara takawa da sanda. "Masu faɗowa ba sa ƙarewa, dole a ba wasu wuri." Na ce haka ne. To wa zai ɗauki mai sanda aiki ya hau bene? Ga tallafi ya tsaya, ga Alhaji a ƙofa. Tsoro nake ji, tsoro sosai.

Laraba, 13 ga Nuwamba
Rakiyatu ta tafi kasuwa. Na dafa bango na miƙe. Na tsaya! Hawaye kawai. Sai na ji sallama, na zube ƙasa har na fasa gwiwar hannu. Maƙwabciya ce, aron gishiri ta zo.

Asabar, 16 ga Nuwamba
Rakiyatu tana murza min ƙafa da man zaitun. "Baban Laure, ka ji wani abu?" Na ce babu. Ta ce kada in damu, ta sayar da 'yan kunnenta, za ta kai ni wurin wani mai magani a Abalessa. Na kasa haɗa ido da ita.

Juma'a, 22 ga Nuwamba
Bayan masallaci mutane suka shigo dubiya, har da Alhaji da ledar dabino. Shi ya ja addu'a: Allah ya tashi kafaɗar Sa'idu, ya miƙe da ƙafarsa cikin gaggawa. Ɗaki ya ɗauki amin. Muryar Rakiyatu daga bayan labule ta fi ta kowa.

Na ɗaga hannu, na shafa kamar kowa. Bakina ne dai bai buɗe ba. Wataƙila gajiya ce.