Isa Ya Riƙe Hannun Baba

Zuwa ga Yaya Usman,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga Mai Wurno. Yaya jikinka, yaya iyali, yaya zaman Jidda? Mu kam lafiya, sai dai wani abu da ya faru a gida.

Ƙanenmu Isa ya zo hutu, ya gama karatun mataimakin likitan soja, har an ƙara masa koyon tsayar da jini da ɗinkin rauni. Zuwansa ya dace da kwana uku da haihuwata. Baba ya shigo da zabirarsa ta wanzanci zai cire wa jaririn beli, yadda ya cire mana duka. Ya buɗe bakin yaron ke nan, sai Isa ya riƙe masa hannu. Yaya, hannun Baba, a gaban mata!

Isa ya durƙusa ya ce, "Baba, ka gafarce ni. An kawo mini ɗan wani soja bayan irin wannan yankan, jininsa ya ƙare a hannuna. Ba zan iya kallo ba."

Baba ya naɗe kayansa ya fita, ba a cire belin ba. Yaron yana shan nono lafiya. Amma jiya da safe muka tarar da zabirar nan rataye a ƙofar ɗakin Isa. Ba mu sani ba, gadon sana'ar Baba ya miƙa masa ko fushi ne, kuma ba mai iya tambaya.

Ka sa mu a addu'a in ka je Harami. Ka gaishe da Yaya Rabi da yara.

Ƙanwarka,
Hajara