Na Wanke Motar Maigidana Kamar Kwano

Anti Jemimah, don girman Allah ki cece ni kafin maigidana ya dawo a ƙarshen watan nan. Yanzu haka dariya nake yi ni kaɗai kamar wadda ta zare, alhali abin ba na dariya ba ne.

Ni amarya ce, ko shekara ban rufe ba. Muna zaune a Unguwar Boro, ina koyarwa a wata firamare a Kakau. Maigidana, bari in ce masa Timothy don ba sunansa ke nan ba, mutumin kirki ne, amma akwai shi da son mota. Wata ja ce gare shi 'yar Kwatano, ƙyallinta har kashe ido yake yi. Da safe kafin ya ce min ina kwana sai ya leƙa ta ta taga tukuna.

To, sai ofis suka tura shi kwas Jos na 'yan watanni. Babban wansa da ke Trikania, shi kuma mu ce Yaya Elisha, ya zo takanas ya ce a kai motar gidansa a ajiye, wai mace mai sabon lasin ba a bar mata mota. Maigidana ya ƙi. A gaban wan nasa ya ɗora min makulli a tafin hannu, ya ce in ya dawo ya same ta yadda ya bar ta, ta zama ta zuwa aikina, shi ya riƙa bin motar ofis. In kuwa aka samu akasi, to maganar Yaya ta tabbata.

Wayyo Anti, daɗi kashe ni! Ni da na gaji da tsayuwar jiran bas a Sabo, ruwa yana dukana, littattafan yara a ƙarƙashin hammata. Ranar farko har mutanen da ban sani ba na yi ta danna wa hon ina ɗaga musu hannu. 'Yan ajina suka sa min suna Anti mai mota. Ranar taron zumuntar mata kuwa, har wata mama da gidanta yake jikin katangar coci sai da na matsa mata ta shiga na kai ta. Na fi tsoron ramukan hanya, su nake ta kaucewa, ban san a tsakar gidana zan yi ɓarnar ba.

Ran Asabar ɗin farko na ce bari in wanke motar da hannuna. Ina watsa ruwa sai na ga ya ƙi kwanciya, ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa. Ni kuwa tun ina yarinya mamata ta koya min cewa in ka ɗauraye kwano ka ga ruwa ya yi haka, akwai sauran maiƙo, sai a sake. Na riƙe baki na ce oho, ashe duk gogar da bawan Allahn nan yake yi motarsa maiƙo ce fal! Har tausayinsa na ji. Na ɗauko omo da sabon soson wanke-wanke, na ɗaura zani, na dirje ta ina waƙa. Kowace Asabar haka, har na ci nasara: ruwa ya koma kwanciya shimfiɗe, in na ja yatsa sai ta yi ƙiiƙ. Ranar har rawa na taka ni kaɗai a tsakar gida.

Shekaranjiya aka yi ruwan sama, ya bugo waya muna ta hira. Can sai ya tambaye ni ko har yanzu ruwa yana dunƙulewa a kan bonet, don kafin ya tafi ya shafe ta da folish sosai saboda damina. Folish! Wato man nan mai kauri da ke cikin gwangwani a saman wadrob, wanda na ɗauka na takalmi ne. Ashe abin da na yi makonni ina yaƙi da shi, shi ne abin da yake alfahari da shi. Na ce masa ba na jin sa sosai, na kashe waya, na zauna a ƙasa na yi ta dariya har da hawaye.

Da na fita na dube ta da idon gaskiya, jan ya ɗan dusashe a rufi da bonet, kashin tsuntsayen mangwaronmu kuma yanzu manne mata yake yi. Anti, folish ɗin ne kawai ya tafi, ko na kashe fentin? Yaya ake ganewa? In shafa mata a ɓoye in yi shiru, ko in faɗa masa? Ina son mijina, kuma wallahi ina son makullin nan. In ya koma Trikania, kunyar Yaya Elisha kaɗai ta ishe ni.

Taki, Sabuwar Direba, Unguwar Boro.

Ƙanwata Sabuwar Direba, kin sa ni dariya har na ƙware da shayi. Kwantar da hankalinki, bisa abin da kika zayyana folish kika wanke, ba fenti ba, shi kuwa folish dama ba ya dawwama. Da ranarmu da ruwanmu, bayan wata biyu zuwa uku yakan nemi a sake, ko da ba wanda ya taɓa shi. Omo dai ya gaggauta masa tafiya.

Ganewa ba wuya. Wanke motar da sabulun mota ko ruwa zalla, a inuwa, sannan ki watsa ruwa a bonet da rufi da murfin but na baya, don su suka fi shan rana. In ya dunƙule ƙanana-ƙanana yana gudu, da sauran folish. In ya baje ya kwanta, ya ƙare. Bayan ta bushe ki shafa bayan hannunki: mai folish santsi take yi, maras shi kuwa riƙe hannu take yi, har da ƙarar nan da ta sa ki rawa. Dusashewar launi da mannewar datti su ma shaida ne. Abu ɗaya zan so ki duba a cikin rana: in kin yi amfani da gefen soson mai kaushi, za ki ga siraran zane. Wannan sai masu goge mota da inji, kuma yana gyaruwa. Daga yau omo ya koma wurin wanki, kashin tsuntsu kuma a share shi da ruwa tun bai bushe ba.

Laifi kuwa na raba muku shi biyu. Shi ya ba ki makulli bai ba ki bayani ba, ya ɗauka kowa ya san abin da ya sani. Ke kuma kin ga abin mamaki a kayan da ba ki saba da su ba, maimakon ki tambaya sai kika ɗaura zani.

Kada ki shafa a ɓoye. Mai leƙa mota kafin ya gaida matarsa zai gane hannun da ba nasa ba tun daga bakin get, kuma a nan ne ƙaramar magana za ta zama ta amana. Kira shi yau, ki ba shi labarin yadda kika ba ni, da rawar da komai. Mutumin da ya tsaya miki a gaban wansa ba zai so a ce zaɓinsa ya faɗi ba, ya fi ki buƙatar ki ci jarrabawar nan.

In ya dawo, ki wanke motar, ki sauko da gwangwanin, ki ce ya koya miki: a inuwa, jikin mota da sanyi, a shafa kaɗan-kaɗan, a bari ya yi fari-fari, a goge da tsumma mai laushi. Ki roƙe shi ya bar miki bonet ki yi da kanki. In ya miƙo miki tsumman, kada ki ƙara tambayarsa zancen makulli, ya riga ya ba ki amsa.

Allah ya dawo da shi lafiya, ya tsare ki a hanyar Kakau, ya bar ku tare.

Anti Jemimah